Kwanciyar Habibu

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis da la'asar ina wani shago a titin Huanshi Lu da ke birnin Guangzhou na Chana, ina yi wa Alhaji Mudi, wani ɗan kasuwar Kano, tafinta a cinikin yadi, sai 'yar na'urar kiran da ke ƙuguna ta yi ƙara. Lambar gidan kwanan ɗalibai ce. Na ari wayar mai shago na buga. Dattijuwar da ke gadin ƙofarmu ta ɗauka, tana ta zuba da sauri, ni kuwa Sinancina na kasuwa ne. Abin da na tsinta shi ne sunan Habibu, da asibiti, da kalmar da masu shago ke faɗa idan kaya sun ƙare: mayo, wato babu. Alhaji ya ce, "Nasiru, lafiya?" Na miƙa wa mai shago wayarsa. Habibu, abokin ɗakina, ya kwanta barcin rana bai tashi ba.

Na rubuta wannan domin duk wanda ya san shi, amma musamman domin Inna, mahaifiyarsa. An ce wani ya je har gida ya gaya mata cewa a Chana ƙone gawa ake yi, kuma tun ranar abinci bai wuce mata ba. Wanda ya kai maganar nan bai kyauta ba, wallahi, ko da yake haka al'adar garin take. Ina roƙon wanda zai karanta mata ya karanta har ƙarshe.

Karatun injiniya ya kawo Habibu Guangzhou. Duk muna fama da Sinanci, shi kuwa sai ya je ya ɗauko Japananci ya ɗora a kai. Mun yi masa tsiya har muka gaji, muka raɗa masa Bajafane. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Duk babur ɗin da ke yawo a Kano da yaren nan aka haife shi. Ina so in ji abin da yake cewa." Da asuba bayan salla zai saka kaset, wata murya ta faɗi magana, shi ya maimaita yana rusunawa ga bango. Duk sabon ɗalibin da ya sauka a tashar jirgin ƙasa, Habibu ne zai je ya tarye shi, ya ɗauki jakarsa, ya nuna masa inda ake sayar da naman halak, sannan ya dafa masa da hannunsa. Ban taɓa jin ya ambaci wannan ga kowa ba.

Malamarsa wata tsohuwar Bajafaniya ce da mijinta ya rasu, ta daɗe a garin, tana koyarwa a falon gidanta. Sanse suke kiranta, wato malama. A gidanta a bakin ƙofa ake cire takalmi, a juya shi ya fuskanci waje. Habibu ya kwaso wannan ɗabi'a ya kawo mana ɗaki. In na watsar da nawa, sai in dawo in tarar an jera su kusa da nasa, wasu takalman fata ja da ya zo da su daga gida. Na ce masa, "Kai dai ba ka da aikin yi." Ya ce, "Mutum ya shiga wuri da shirin fita, Nasiru." Dariya na yi a lokacin.

A Babbar Sallar da ta wuce ya gayyaci Sanse da 'yan ajinsu cin nama a ɗakinmu. Tana shigowa ta ga ɗan kamfas ɗin da ke jikin sallayarsa, ta duƙa tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi gadonsa. Sai na ga fuskarta ta canja. Ta ce a ƙasarsu mai rai ba ya kwana kansa na arewa, gawa kaɗai ake kwantarwa haka. Ta roƙe shi ya juya gadon. Habibu ya yi mata bayani a hankali: a Kano gabas muke fuskanta, amma a nan alƙibla tana yamma, kuma wanda zai kwanta a hannun damansa yana kallon alƙibla, dole kansa ya yi arewa. Ya ce, "Sanse, mu ma haka ake kwantar da namu a kabari. Koyo nake yi." Ba ta yi dariya ba. Tsohuwar nan ta kama ƙafar gadon da hannunta tana ja, dole muka tashi muka taya ta. Tana fita ya mayar da shi inda yake. Har yau sawun jan yana nan a daɓen ɗakin.

Abu ɗaya na san Habibu yana tsoro. Wata rana muna cikin bas a bayan gari, ya nuna mini wani dogon bututun hayaƙi, ya ce nan ne ake ƙone gawawwaki. Muka sauka. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Mutuwa ba ta dame ni ba, tana nan zuwa ko a ina. Amma in ta same ni a garin nan, don Allah kada ka bari a sa ni a wuta." Na ce masa ya daina mana fatan tsiya. Ya ƙi sakin hannuna sai da na yi alkawari.

Da na isa asibitin a ranar Alhamis ɗin, a kan benci a ƙofar ɗakin ajiye gawa na tarar da Sanse zaune, jakarta a cinya. Na tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce babu kowa. Ta ce da yamma ɗalibai sun taru a gidanta, ta fito ɗauko shayi, ta ga jajayen takalman Habibu a bakin ƙofa an juya su suna kallon waje. Ta zuba masa kofinsa, ta shiga falo, ba ta gan shi ba. Ta tambaya, aka ce bai zo ba. Ta koma ƙofa, babu takalman. Nan take ta sallami aji ta nufi gidan kwananmu, mai gadi ta nuna mata hanyar asibiti. Likita ya ce tun azahar zuciyarsa ta tsaya. Da na koma ɗaki na ga takalman a gefen gadonsa, a jere, kamar kullum. Ban san abin da ta gani ba, Allah Shi ne masani. Amma tsohuwar ba mai ƙarya ba ce.

Washegari jami'in ɗakin ajiye gawar ya ce ƙa'ida ita ce, gawar da danginta ba su zo ba, motar masu ƙonewa ake ba wa. Na ce Musulmi ne. Ya ce shi bai ga inda aka ce haka ba. Na yi Sinanci, na yi Turanci, har na koma Hausa ina ɗaga murya, Alhaji Mudi yana riƙe ni. Wayar Kano ta ƙi shiga. Limamin Musulmin garin ya ce akwai wuri a maƙabartarsu, amma sai an saki gawar.

Sanse ce ta miƙe. Mutanenta duk ƙone mamatansu suke yi, mijinta ma haka aka yi masa. Ta tsaya gaban jami'in da Sinancinta mai kyau, ta ce ita malamarsa ce, ta ga sallayarsa, ta ga yadda yake kwanciya, ta ji daga bakinsa yadda za a binne shi. Ta ce, "Yaron nan ya daɗe yana koyon kwanciyarsa. Ba za ku hana shi ba." Ta ja bencin ta tare ƙofar ta zauna. Motar ta zo, ma'aikata suka yi cirko-cirko, babu wanda ya iya taɓa tsohuwa. Tana nan zaune har liman ya iso da manyan masallaci, aka yi ta magana, aka ba mu Habibu.

Mu muka yi masa wanka, ni da Alhaji Mudi da wani ɗalibi ɗan Damagaram. Aka yi masa sutura da farin yadi daga cikin wanda Alhaji ya saya. Aka sallace shi, 'yan Kano da 'yan Nijar da Musulmin Sin a sahu ɗaya. Sanse ta tsaya can bakin ƙofar maƙabarta ƙarƙashin wata bishiya. Da muka fito ta tare ni ta ce, "Ina kansa yake?" Na ce arewa. Ta rusuna ƙasa sosai wajen kabarin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Nan ne kuka ya ƙwace mini.

Allah Ya ji ƙan Habibu, Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sa baƙuncin da ya mutu a cikinsa ya zame masa kaffara. Allah Ya ba ƙannensa haƙuri, Ya raya su a kan halinsa. Tsohuwar da ta tare ƙofa, Allah Ya saka mata da mafificin alheri. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Inna, ki ci abinci. Wuta ba ta taɓa ɗanki ba. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, na kwantar da shi a hannun damansa yana kallon alƙibla, daidai yadda ya saba kwanciya. Takalmansa suna cikin kayan Alhaji Mudi, zai kawo miki. Allah Ya ba ki dangana, amin.