Ranar da Jija Ya Kashe Fitilun Ango

Mijin yayata, Bindeshwar Mahto, mutum ne da ba a jin daɗin hira da shi a lokacin sanyi. Kana ba shi labarin tsadar albasa, shi idonsa na can bakin gonaki yana duba ko hazo zai sauko da wuri. Jija nake ce masa, kamar yadda kowa a wajenmu ke kiran mijin yayarsa, kuma tun da al'ada ta ba ni damar tsokanarsa ban taɓa yin wasa da damar ba. Sunana Lallan, shi kuma Lallan Ciki yake ce mini, wai don ina sayar da kayan zaƙi amma rabi a bakina yake ƙarewa. Ƙarya yake yi mini, bai kai rabi ba.

Aikinsa kula da fitilun titin jirgi ne a ƙaramin filin jirgin saman garinmu, nan arewacin jihar Bihar. Ya shiga aikin gashinsa baƙi wuluk, yanzu ko na rantsuwa babu. Akwai fararen fitilu da suka jeru a gefe biyu na titin, koraye a bakin shiga, jajaye a ƙarshe. Amma waɗanda ya fi ji da su su ne na tarbar jirgi, da suka tsallake shingen filin suka miƙe cikin gonakin alkama a kan dogayen sanduna. Su matuƙi ke fara gani idan ya ɓullo daga cikin hazo, su ke nuna masa inda tsakiyar titi take.

Kullum da la'asar sai ya bi su a ƙafa, da tsumma a kafaɗa da jakar kayan aiki. Dila ya tauna waya, ya gyara. Damina ta cika ramukan wayoyi da ruwa da kwaɗi, ya kwashe. Manoman wajen kuwa sun ɗauki sandunan nan tamkar gado: wannan ya ɗaure akuya, waccan ta shanya zanenta na sari, wani ya bar kabewarsa ta nannaɗe sanda har ta rufe gilashi. Da ni ne da tuni na kira 'yan sanda. Jija sai ya je ya kafa wa mai akuya turke a gefe, ya ɗaura wa mai shanya igiya tsakanin itatuwa biyu, ya zauna ya sha shayinsu. Daga baya su da kansu suke aiko masa idan wata fitila ta mutu.

A gidansa kuwa ƙwan fitila ɗaya ne a tsakar gida, shi ma haskensa kamar na mai zazzaɓi. Yayata Kalawati ta sha faɗa masa cewa na gwamnati suna ta ƙyalli, ita kuma tana tsince shinkafa da lalube. Sai ya yi dariya ya ce gobe zai canja. Da Diwali kuma, bikinmu na fitilu, kowa na murna, shi yana hawa soro-soro yana roƙon samari su sunkuyar da fitilun nan masu harba haske sama. Unguwa ta sa masa suna Mai Rage Armashi, ya kuma amsa sunan ba tare da ya ji haushi ba. Na taɓa tambayarsa ko akwai matuƙin da ya taɓa yi masa godiya. Ya ce matuƙi bai san da zamansa a duniya ba, kuma haka yake so, domin duk ranar da aka tambayi sunan mai gyaran fitila to ba lafiya ba.

'Yarsa ɗaya ce tal, Sulekha. Ita ce kaɗai ke iya sa shi ya sauke ido daga sama. Da ta gama karatun haɗa magunguna aka samo mata miji, Nirbhay, malamin makaranta daga wani gari a hayin kogi. Sun ga juna, sun yi magana, ta dawo tana murmushin da ba ta iya ɓoyewa. Mahaifin yaron ya rasu, saboda haka mijin gwaggonsa, Jatashankar, shi ne uban biki. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san abin da ake nufi da Fufaji, wato mijin gwaggo, a tawagar ango: idan shayi ya yi zafi ya yi fushi, idan ya huce ya yi fushi. Wannan kuwa har da gashin baki murɗaɗɗe.

A duk zaman da aka yi na shirin biki, abu ɗaya Jija ya roƙa. Ya ce tawagar ango ta shigo ta hanyar kasuwa, kada ta biyo sabuwar kwalta. Sabuwar kwaltar nan miƙaƙƙiya ce sambal, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da titin jirgi, shinge da 'yan gonaki ne kawai a tsakani, kuma ta bakin unguwarmu take wucewa. Fufaji ya ce ya ji. Ni da nake raba musu alewar laddu na ga yadda ya ji ɗin, ta kunnen dama ta shiga ta fita ta hagu.

Bikin ya faɗo tsakiyar sanyi, kamar yadda bukukuwanmu suka saba. Jija ya ɗauki hutu, ya bar abokan aikinsa a kan fitilu. Tun asuba shi da yayata ba su sa komai a baki ba, domin mai miƙa hannun 'yarsa a gaban wutar ɗaurin aure da azumi yake miƙawa. An naɗa masa rawani ruwan hoda, ya yi kyau har na kasa samun abin da zan tsokane shi da shi. Hankalinsa a kwance yake, don jirgin da ke zuwa daga birnin Dilli da rana tsaka yake sauka, babu kuma wani bayansa.

Sai dai ranar hazo bai ɗaga ba. Jirgin ya yi ta jinkiri a can, bai iso kanmu ba sai da rana ta faɗi. Muna tsaye a ƙofar rumfar biki muka ji ƙararsa ta sauko ƙasa-ƙasa, sannan ta sake yin sama. Jija ya ce matuƙin bai ga titi ba, zai zagayo ya sake gwadawa. Bai rufe baki ba sai ga kiɗan badujala, kuma ba daga wajen kasuwa ba.

Mun ruga bakin kwalta. Ga tawagar ango tana tahowa, Nirbhay a kan farar goɗiya fuskarsa lulluɓe da furanni, samari na tiƙar rawa a gaba. A gefe da gefe kuma ga masu ɗaukar fitila, mata da maza 'yan ƙwadago, kowa da doguwar farar fitila a ka, waya ta haɗa su zuwa janareta da ake turowa a amalanke a baya. Fufaji ya ga hanyar kasuwa ta yi wa darajarsa ƙunci, ya kuma ninka fitilun da aka saba ɗauka. Sahu biyu ne farare tas, a miƙe, tazararsu daidai, sun ratsa cikin hazo har inda ido ya ƙare. Ni da ba na gane komai a harkar jirgi, da na gani sai na ga kamar titin jirgin ne kansa.

Jija ya kira hasumiyar filin jirgin a waya yana gudu. Suka ce za su gargaɗi matuƙi, amma jirgin ya riga ya juyo ya kamo hanyar sauka. Ya faɗa mini daga baya cewa gargaɗi a kunne yake tsayawa, idon mutumin da ya gaji, ya yi ta neman haske bai gani ba, sahu biyun da ya fara cin karo da su yake yarda da su.

Ya sha gaban tawagar ya haɗa hannuwa a gaban Fufaji.

"Fufaji, ku yi mini rai. A kashe fitilun nan ɗan lokaci kaɗan, jirgi ya sauka a kunna."

"A kashe me?" Fufaji ya juya ga mutanensa. "Kun ji surukin da muka samo? Ango na kan hanya, uban amarya na cewa a yi masa duhu. A garinku haka ake tarbar baƙi, ko gawa muka kawo?"

"Akwai mutane a sama, Fufaji. Zai iya ɗauka nan ne titi."

"To ya sauka mana, mu ba shi abinci. Kai, ku ci gaba da kiɗa."

Aka kwashe da dariya. A wajenmu kashe fitila a kan ango mugun abu ne, tsofaffi ma ba sa son a ambata. Jija ya san haka sarai. Sai na ga ya kai hannu ka, ya cire rawaninsa, ya ajiye a kan kwalta a gaban takalman Fufaji. Uban amarya ba shi da abin da ya wuce wannan, idan ya ajiye shi ya ajiye komai. Masu kiɗa suka tsaya da kansu. Fufaji ya kalli rawanin, ya ɗauke kai.

Ƙarar jirgin ta fara cika kunne. Jija ya juya. Ya ratsa ta tsakanin masu rawa da kansa a buɗe, ya isa amalanken, ya kashe janaretan.

Duhu ya rufe mu ruf. Wata mata ta yi salati irin namu, goɗiya ta yi haniniya. Can ta hannun hagu, cikin gonakin alkama, sai ga fitilun tarbar jirgi sun fito su kaɗai, suna huda hazo ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ya ɓullo ƙasa sosai, ya bi ta kansu, muka ji tayoyinsa sun taɓa titi. Jija ya tada janaretan da hannunsa, fitilu suka dawo. Ko minti biyar ba a yi ba.

Shin da an bar su a kunne matuƙin zai ruɗe? Ban sani ba. Jija ma bai sani ba, kuma bai taɓa da'awar ya ceci kowa ba. Da na matsa masa sai ya ce abin da ba ya so ya sani ke nan. Fasinjojin suka ɗauki jakunkunansu suka tafi gidajensu suna ƙorafin jinkiri.

Mu kuwa a nan tamu ta fara. Fufaji ya ce a juya goɗiya, an fasa. Nirbhay ya ɗaga furannin fuskarsa zai yi magana, kawunnansa suka ce ya rufe baki manya na magana. Yayata ta fito babu mayafin kirki tana kuka. Dattawan unguwa suka kewaye Fufaji, aka kawo kujera, aka kawo shayi, aka yi ta ba shi baki, ni kuma ina tsaye ina ji kamar in tsige gashin bakin nan ɗaya-ɗaya. Daga ƙarshe ya sauko, amma da sharaɗi. Hannun da ya kashe wa ɗansu fitila ba zai miƙa musu amarya ba. Bindeshwar ba zai zauna a gaban wuta ba, ba zai ma shiga rumfar ba. A nemo wani.

Na ɗauka Jija zai yi gardama. Mutumin da tun ranar da aka haifi yarinyar nan yake jiran wannan zaman. Ya tambaya kawai ko idan ya yarda za a ɗaura auren, aka ce za a ɗaura. Sai ya duƙa ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe, ya ɗora mini a ka.

"Jija, ni fa tun safe nake ci," na ce masa. 

"Na sani, Ciki. Pandit mai ɗaura auren ma ya sani. Shiga, kada ta jira."

Haka na zauna a gaban wuta a mazaunin da ba nawa ba, da rawanin da ya yi mini yawa. Aka fito da Sulekha cikin jan sari. An riga an faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, wannan ya fi ƙona mini rai. Pandit ya fara karatu, ya ce in kama hannunta na dama. Da na kama sai ta matso da kanta kamar mai gyara mayafi.

"Kawu, Babuji yana ina?"

Babanta take nufi, sai na waiwaya. Bayan rumfar, wajen da masu girki ke wanke tukwane, labulen bai kai ƙasa ba. A nan na ga ƙafafu biyu tsaye cikin laka mai sanyi, babu takalmi, an ajiye takalman a gefe a jere kamar yadda ake yi idan za a zauna gaban wuta.

"Yana bayanki," na ce mata. "Kusa ƙwarai."

Ta gyaɗa kai. Na ɗora hannunta a cikin na Nirbhay, aka zuba ruwa a kai, aka yi guɗa.

Da aka gama na zuba puri, soyayyiyar gurasarmu, da miyar dankali a faranti na zagaya baya. Yana nan inda yake, ya rungume hannuwa saboda sanyi, raɓa ta jiƙa masa kai. Na miƙa masa farantin na ce ya sha ruwa ya ci, an miƙa ta. Ya karɓa ya riƙe bai ci ba. Na yi zaton zai tambayi Fufaji, ko abin da mutane ke faɗa.

"Lallan," ya ce, "hannun nata da sanyi? Tun tana ƙarama idan ta tsorata hannunta sanyi yake yi."

Na ce masa da ɗumi. Sai a lokacin ya gutsuri puri.