Ƙofar da ke Wuyan Ilu

Muna zaune a bakin iyakar Jibiya muna jiran motar gyaɗa da za ta koma Maraɗi, Inna na goye da ƙanena Ilu. Zamanin Turawa ne, ina da shekara tara.

An haifi Ilu da 'yar ƙofa a gefen wuya, kamar hujin allura, kullum tana tsattsafo da ruwa. Da ya shekara uku wurin ya kumbura, ko koko ba ya haɗiyuwa. Wanzami ya tsaga, kumburin ya dawo. Shi ne muka taso daga Daddara neman wani mai magani da aka kwatanta wa Baba.

Motar na tsayawa, Inna ta taɓa ƙafar Ilu, ta ce wa Baba, "Malam, bar ta ta tahi."

"Don mi?"

"Mu koma gida. Ya yi sanyi."

Jiya na ba jikata, wadda likita ce, wannan labari. Ta ce, "Kaka, yanzu aiki ake yi, yaro ya warke."

Ni dai kuka nake har yanzu. Wanda ya karanta, don Allah ya sa Ilu a addu'a.