Gidan da Ya Rage wa Dabo Kwance-da-Tsaye

Malam Dabo mijin yayata Zulaihatu ne, saboda haka ina da damar in faɗi abin da na ga dama a kansa, tun yana raye ma ban raga masa ba. Shekara goma sha tara ya yi yana masinja a wani ofis a Ɗanbatta, yana ɗaukar takarda daga wannan tebur ya kai wancan, har shekarar da gwamnati ta ce aljihunta ya tsuke, aka kira sunaye aka sallami mutane. Ya dawo ƙauyenmu, Gidan Marke, da keke ɗaya da hula biyu da wata cuta da ya kwaso a ofis, wadda ba mu taɓa jin irinta ba: wasa ƙwaƙwalwa na bayan jarida.

Ga wanda bai san shi ba, zane ne na ƙananan gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe. A gefe an jera tambayoyi, kai kuma ka nemo amsa ka zuba a fararen gidajen, kowane gida harafi ɗaya. Wasu kalmomin a kwance suke, wasu a tsaye. Ba a yi wata biyu ba aka daina ce masa Dabo Masinja, ya koma Dabo Kwance-da-Tsaye, kuma yana amsawa.

Mutumin da aka sallama ba ya sayen jarida. Wajen Hure mai ƙosai yake samu, domin ita a kasuwar Ɗanbatta take sayo tsofaffin jaridu ɗauri guda tana naɗe ƙosai da su. Kullum da safe zai tsaya a kanta ya ce a ba shi na sisi, amma a naɗe masa da shafin baya. Ƙosan ya miƙa wa Zulaihatu, shi ya riƙe takardar. Guda ɗaya yake cikewa a rana, ba ya ƙarawa ko da ya sami biyu. Kuma bai taɓa ganin amsa ba, don amsar tana fitowa ne a jaridar gaba, ita kuwa jaridar gaba Allah kaɗai ya san ƙosan wa ta naɗe.

Ni gyaran keke nake yi a gindin marken da ke ƙofar gidansa, don haka ni na sha wahalarsa. Ina tsakiyar liƙe tayar wani sai in ji ya fashe da dariya shi kaɗai, har hularsa na faɗuwa.

"Basiru, saurara! Uban da ke kwana a karofi. Gida huɗu."

"Ban san shi ba, Malam. Allah ya ba shi lafiya."

"Baba mana! Baba na rini, baba na gida! Ka ga shegantakar mutumin nan?"

Abin da yake so ke nan. A boko ba a rubuta jan murya, sai kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu, kuka na ido da kuka ta miya duk rubutunsu ɗaya. Yakan ce tambayar kirki ƙofa biyu gare ta, ka shiga ta gaba ta fito da kai ta baya. Bai san wanda ke shirya wasan ba, amma "abokina" yake ce masa, wani lokaci har ya yi fushi da shi kwana biyu.

Sai shekarun yunwar nan suka zo. Shekarar farko ba a sami abin kirki ba, rumbuna sun yi fayau tun kafin bazara. A ta biyu kuma sama ta yi shiru har aka fara kallon juna. Wata ranar Talata Malam Dabo yana fama da wata tambaya, in babu naka ka huta, in babu shi ka mutu. Ya yi ta cizon fensir, can ya daka tsalle ya ce, "Ruwa!" Ya rubuta. Kafin la'asar gabas ta haɗe, aka kwarara ruwa har ya shiga zaure.

Hure tana wajen lokacin da ya yi ihun. Ita kuwa Hure ba a ba ta ajiyar magana. Kafin gari ya waye kowa ya ji cewa zanen nan na Malam Dabo hatimi ne, irin wanda malamai ke zanawa gida-gida, sai dai nasa na boko ne, shi ya sa yake ci da wuri. Liman ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce jama'a wannan wasan 'yan boko ne, a koma ga roƙon Allah. Aka ce to, Allah gafarta Malam, aka je roƙon ruwa, a hanyar dawowa kuma aka biya ta ƙofar Dabo, don ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Aka yi shuka da ruwan nan. Gero ya fito ya kai tsawon ɗan yatsa, sama ta sake rufe bakinta. A makon nan ne kuma man gyaɗa ya gagari Hure, ta kife kaskonta. Ba ƙosai, ba jarida. Shafin ƙarshe da ta naɗe masa shi ne ya rage wa Malam Dabo a duniya, duk ya sha mai har ana ganin rana ta cikinsa.

Ya cike shi tas a yini ɗaya, ban da gida guda. Kalma ce mai gida huɗu a kwance. Uku na ƙarshe sun samu daga kalmomin tsaye, A da R da I. Gidan farko kuwa ba ya haɗe da kowa, fari fat, yana kallonsa. Tambayar ita ce: kana cikinsa da rana, yana cikinka da dare.

Kwana arba'in da ɗaya yana kan gidan nan. Na ƙirga, don ni nake jin ta kullum. Da safe ya je gona ya duba geron da ke ta nannaɗewa, ya dawo ya zauna da takardarsa. A lokacin gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, ita ma tafasa ce da ɗan ƙuli a kai in an samu. Mutane suna ramewa suna faɗa da matansu. Shi ma ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma ko a jikinsa. Zulaihatu za ta ajiye masa kwaɗon tafasa, ya cinye bai san me ya ci ba, idonsa na kan takarda. Wallahi har haushinsa nake ji, ina kuma yi masa hassada.

Kowa ya kawo tasa amsar. Na ce tari ne, ga shi duk garin ana yi da dare. Ya ce to da rana kana cikin tari ne, kai wane irin mutum ne? Wani ya ce ɗari. Ya auna, har na ga hannunsa ya nufi takarda, sai ya janye ya ce ya yi kusa, amma ƙofa ɗaya gare shi, abokinsa ba ya yin tambaya mai ƙofa ɗaya. Hure ta ce wari ne, ta kuma faɗi sunan wanda take nufi. Sai wani mai kaifin baki ya ce ai fari ne, ga mu cikinsa tsundum.

Nan magana ta lalace. Labari ya zaga cewa saura harafi ɗaya Dabo ya rubuta FARI a hatiminsa, in kuwa ya rubuta, an rufe sama ke nan sai wata shekara. Ranar Litinin sai ga mai unguwa Sabo da dattawa shida a gindin marke, har da Tasi'u direba, wanda ke jan a-kori-kura tsakanin Makoda da Ɗanbatta, aka taho da shi don ya iya karatun boko.

Bayan gaisuwa mai unguwa ya ce, "Malam Dabo, mun ji abin da ya rage. Mun kuma yi shawara. Tasi'u ya ce kalmar da A-R-I take ƙarewa. To, hadari ma da haka yake ƙarewa. Ka rubuta mana hadari."

"Ranka ya daɗe, hadari gida shida ne. Gida ɗaya ya rage."

"To ka ƙanƙanta rubutun mana. Mu nan mu tara muke kwana a ɗaki ɗaya."

"Ba a yin haka. Kowane gida harafi ɗaya."

"Wa ya hana?"

Shekara da shekaru Malam Dabo yana wasan nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa wa ya hana.

Tasi'u ya matso ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, in za a rubuta a kula da dalin nan, wato D, kada hannu ya goce a yi mata ƙugiya. Hadari daban, haɗari daban, shi kuma kullum yana kan hanya, tayoyinsa duk sun suɗe. Aka yi ta muhawara a kan ƙugiya har azahar, wasu na cewa a ba Tasi'u fensirin tunda shi abin ya fi shafa, Tasi'u na cewa shi hannunsa rawa yake yi. Daga ƙarshe mai unguwa ya yanke: an ba Malam Dabo zuwa Juma'a. In an sauko daga masallaci za a zo a karɓi takardar, ya cike ko bai cike ba, a jiƙa ta a randa kowa ya sha. In bai cike ba, Tasi'u zai cusa hadari a gidan ko ta halin ƙaƙa.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Malam Dabo ba sai ran nan. Sallamarsa daga aiki da dariya ya ba mu labarinta. Amma a ce wasan ƙarshe na abokinsa za a cusa wa harafi uku a gida ɗaya, a shanye shi da kuskure a ciki, wannan ya hana shi sukuni. Ya bi haruffa tun daga B har Z yana gwadawa da ƙarfi, bari, dari, hari, jari, mari, har ya wuce ta kan amsar da bakinsa bai tsaya ba. Na ji shi da kunnena. Ni ma ban tsaya ba.

Ranar Alhamis da la'asar ina tsakar gidansu ina liƙe masa tayar kekensa. Yana zaune a kan turmin da aka kife, tunda an kwana biyu ba a daka komai a ciki ba. Zulaihatu na tsinke tafasa a faifai. Yayata ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya, kuma a iya sanina bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa sa baki ba. Ya sake karanta tambayar, murya duk ta dushe. Kana cikinsa da rana, yana cikinka da dare.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Gari ne, Malam."

Ya juyo.

"Da rana kana cikin gari. Da dare an tuƙa, gari yana cikinka. Ku duka kun manta ne, don an daɗe bai kwana a cikin kowa ba."

Na saki tayar. Malam Dabo ya dubi takarda, ya dubi matarsa, leɓensa na motsi yana gwada ƙofar gaba da ta baya. Sai dariyar nan tasa ta taso, wadda rabon da in ji ta kwana arba'in, ya yi ta yi har da hawaye, yana cewa, "Shege abokina! Kai, shege!" Can ya tsaya cak.

"Zulai, yaushe kika gane?"

"Tun ranar da ka fara karantawa."

"Kika bar ni kwana arba'in ina ta fama?"

Ta kaɗe faifan ta ce, "Ba ni da tuwon da zan ba ka. Na ga wannan yana riƙe maka ciki, na ce bari in bar maka abinka. Yau ma don kada Tasi'u ya ɓata maka ne."

Ni dai na sunkuyar da kai na shiga neman hujin da na riga na liƙe, don kada a ga idona.

Ranar Juma'a ya fito da babbar rigarsa, ya fere fensir, a gaban kowa ya rubuta G, a hankali, ya cika gidan da ita. Tasi'u ya karanta da ƙarfi. Sai mai unguwa ya ce Allahu akbar, ashe Malam Dabo ya fi su hangen nesa, su suna roƙon hadari, shi ya tsallake shuka da girbi da sussuka da niƙa ya tafi kai tsaye. Malam Dabo ya fara bayanin ƙofa biyu, ba wanda ya saurare shi.

Aka jiƙa takardar a randa aka dama har ta narke. Aka yi layi da moɗa, manya kafin yara. Hure ta rantse ta ji ɗanɗanon ƙosanta, wasu suka koma layi sau biyu. Liman ya wuce yana girgiza kai. Ruwa kuwa sai bayan kwana tara ya zo, ya sami rabin geron ya riga ya mutu, har yau kuma akwai masu cewa da hadarin aka rubuta da ba a kai haka ba. Abin da na sani shi ne, a daminar nan wannan ne kaɗai garin da ya kwana a cikin mutanen Gidan Marke gaba ɗaya.

Malam Dabo bai sha ba. Ya rayu shekara goma sha shida bayan haka, jaridu suka dawo, ya koma cike gidajensa, sai dai daga ranar ba ya rubuta harafi sai ya leƙa cikin gida ya karanta tambayar da ƙarfi. Amma ni yammacin Juma'ar nan nake tunawa. Da jama'a suka watse na raka shi ciki, ya zauna a kan turmi, fensir a bayan kunne, hannu ba komai. Ya dubi rumbu, ya dubi murhu, kamar baƙon da aka sauke yanzu. Ya daɗe a haka, sannan ya dafe ciki.

"Zulai," ya ce, "ashe haka yunwar nan take?"

Ta tura masa kwanon tafasa gabansa.

"Haka take, Malam. Sannu da zuwa."