Na Ɓoye wa Baƙuwa Garin Kakanninta

Malam Edita, a shekarun da ake ta hayaniyar mulkin kai, ni saurayi ne ɗan Kusfa a cikin birnin Zariya, akawu a wani ofis, ga sabon keke ga Turanci mai ɗan dama. A ganina duk birni babu wanda ya kai ni wayewa. Har a tsakar gida nake yarfa Turanci, mahaifiyata tana cewa Allah ya shirye ni. Yanzu na tsufa, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata rana abokina da ke koyon zane a kwaleji ya zo yana haki, wai wata baƙuwa mai zanen hotuna ta sauka a unguwar Kongo nan Zariya, daga wani tsibiri can tsallaken teku, tana neman tafinta. Kafin ya rufe baki na hau keke. Da na gan ta sai na yi sororo, baƙa ce wuluk, kai ka ce goggona ce ta sa rigar Turawa. Ta warware mini zane-zanenta, kai, ban taɓa ganin launi yana magana haka ba! Duk fuskokin mata ne, kuma kowace fuska da tsaga iri ɗaya, layi uku a kumatu da wasu ƙanana a gefen baki. Ta ce tun tana yarinya kakarta take zana mata wannan tsagar da gawayi, tana gaya mata cewa ta mahaifiyar ita kakar ce, wadda aka kamo aka sayar. Abin da ya kawo ta ke nan, tana so ta san mutanen wane gari ne masu ita.

Na bugi ƙirji na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na kai ta wajen wani tsohon wanzami kusa da Ƙofar Galadima, mutumin da ya san tsagar kowace zuriya. Ya ajiye zabira, ya bi layukan zanen da yatsa. Sannan ya ce ba tsagar birni ba ce, ta mutanen wani gari ce a bayan duwatsu, kudu da mu, ya kuwa faɗi sunan garin. Ya ce har gobe suna nan da tsagarsu, kuma a zamanin da mayaƙan birni ne suke kai musu hari suna kamo su. Sai ya dube ni ya ƙara da cewa kakan mahaifina ma yana cikin masu zuwa.

Ita kuwa ta zuba mini ido tana jira. Kunya ta rufe ni. Ta ya zan ce mata gidanmu ne ya raba mahaifiyar kakarta da gida? Sai na ji bakina yana cewa tsagar wani babban gida ce a cikin birni, ita Bazazzagiya ce gaba da baya. Ta fashe da kukan murna, ta durƙusa gaban tsohon. Shi bai jin Turanci, sai ya yi ta sa mata albarka.

Ba zan ɓoye ba, makonnin da suka biyo baya na ji daɗinsu ƙwarai. Matan gidanmu suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka sa mata lalle, suka ɗaura mata saƙi, ƙannena suna kiranta Yaya. Ta gwada tuƙa tuwo ya yi gudaji, aka yi ta dariya har da ita. Kullum da hantsi tana zaune a zaurenmu da fenti da burushi, jama'a sun yi cincirindo, ni kuma ina tsaye ina baza haƙora ina fassara, ana nuna ni da yatsa. Ta zana kanta tsaye a ƙofar birni da tsagar nan a fuska, ta ce ta dawo gida. Duk sanda gabana ya faɗi sai in ce wa zuciyata ai farin ciki na ba ta.

Ranar da za ta tafi na raka ta tashar jirgi. Ta shiga, ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu. Ina waiwayawa sai ga wata mata ɗauke da kwandon citta a ka, da tsagar nan sak a fuskarta, layi uku da ƙananan. Taku biyar ne tsakaninsu. Malam Edita, wallahi matsawa na yi na tsaya a tsakiya, na buɗe babbar rigata na tare mai cittar, har jirgi ya ja.

Sau biyu ta rubuto mini. Ta ce an rataye zanen nan a wani babban ɗakin nuni a ƙasarsu, mutane suna tsayawa gabansa suna hawaye. Ban amsa ko ɗaya ba. Da na yi hankali na rubuta mata gaskiya bayan shekaru, sai wasiƙar ta dawo mini a rufe.

Abin da na gane shi ne ba ita na tausaya wa ba, sunan gidanmu na kare. Yanzu ina ganin jikokin waɗanda aka sayar suna ta zuwa neman asali, samarinmu suna yi musu jagora. 'Ya'yana, in baƙo ya ba ku amanar kunnensa, ku faɗa masa abin da aka faɗa, ko da zai ɓata sunan kakanninku. Wannan baiwar Allah ta ƙetaro teku, saura tafiyar yini guda a mota ta ga danginta, ni na hana ta isa.