Allurar da na yi wa godiya a coci

Don Allah ku gaya mini, idan aka kwantar da kai a cikin inji, aka yi maka allura mai tsadar da sai da mamanka ta sayar da awakinta, me za ka ɗauka an yi maka? Ba magani ba?

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Wasu har sun ce Ishaya ya koma ƙauye. Ban koma ba, ƙafafuna ne suka mutu.

Ko shekara ban cika a Kaduna ba abin ya fara. Ina zaune a Sabon Tasha wajen Baba Yohanna, wan mahaifina, ina aikin buga bulo a Unguwar Boro. Baya ya fara ciwo. Oga ya ce siminti ne, zan saba. Sai rama, sai zufa, wando ya daina zama a ƙuguna.

A asibiti likita ya danna tsakiyar bayana, na yi ihu. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in je wani wuri a yi mini MRI da allura. Ko kallona bai yi ba, layi ya yi tsawo.

Can aka ɗibi jinina, wai za a duba ƙoda. Aka cire mini bel da sarƙar gicciye. Aka tura ni cikin wani rami, ƙara kamar injin markaɗe. Addu'a kawai nake. Can sai aka fito da ni, aka sa allurar a jijiya. Na ji sanyi yana hawa hannuna, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe. A zuciyata na ce, yauwa, magani ya kama. Aka sake tura ni cikin ramin na ɗan lokaci.

Mai injin ya ce, "Tashi ka je, za mu tura wa likita." Shi ke nan maganarsa da ni.

Kuma ciwon ya ragu! Ban san ƙwayoyin nan na kashe zafi ne kawai ba.

Ranar Lahadi Baba Yohanna ya ja ni gaban coci. Na ba da shaida, na ce allura ɗaya Ubangiji ya yi amfani da ita. Mata suka yi guɗa. Mama Saratu, tsohuwar da ke sayar da doya a bakin layinmu, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, yaya sunan allurar? Gwiwoyin nan sun ishe ni."

Na koma ɗaukar bulo. Da ƙashin baya da ke ruɓewa, jama'a!

Wata safiya na sauko daga keke, ƙafar dama ta ƙi bina. Kafin sati ya zagayo ta hagu ma ta bi ta. Fitsari sai dai in ji ɗumi. Baba Yohanna, mutum mai furfura, shi ke goya ni zuwa banɗaki.

Da aka mai da ni asibiti wata likita muka samu. Ta nemo hoton, ta daka mini tsawa: "Tun yaushe wannan yake jiranka! Me ya hana ka dawowa?"

Na ce, "Likita, in dawo in yi me? Ai an yi mini allurar."

Ta tsaya tana kallona. Baba Yohanna ya ce, "Ranki ya daɗe, har godiya mun yi a coci."

Sai ta jawo kujera ta zauna. Ta ce ruwan nan sunansa gadoliniyam, ba ya warkar da komai. Aikinsa ya bi jini ya haska inda ciwo yake don injin ya gani, daga baya ya fita ta fitsari. Ta nuna mini wani farin zobe a hoton, ta ce mugunya ce ta taru tana danne lakar bayana. Tibi ne, na ƙashi. Ni ko tari ban yi ba.

Bayanin nan bai kai tsawon shan kofin koko ba.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Na wuce ta hannun likita, da mai ɗibar jini, da mai inji, duk suna jin Hausa, da ita suke hira a tsakaninsu. Ba wanda ya ce, "Ishaya, hoto ne wannan, magani na gaba." Ni a firamare na tsaya, a ina zan sani? A ƙauyenmu in an yi maka allura an gama da kai. Ƙwayoyin tibin ma da suka tashe ni kyauta ake ba da su.

Aka yi mini aiki aka kwashe mugunyar. Na tambayi likitar ko zan sake tafiya, ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba." Watanni ina kwance, ina kallon babban yatsan ƙafata ina roƙonsa. Ranar da ya motsa, Baba Yohanna ya fita tsakar gida yana rawa da ɗankwalin matarsa.

Yanzu ina tafiya da sanda. Ƙafar dama tana ja har yau, ba na jin za ta daina. Bulo kam ni da shi har abada.

Na gode wa Allah. Na gode wa Baba Yohanna da bayansa, da Mama da awakinta, da likitar da ta jawo kujera.

Ku kuma, duk abin da za a sa muku a jiki ku tambaya: wannan na gani ne ko na warkewa? Bayan wannan sai me, kuma yaushe zan dawo? In an yi Turanci ku ce a maimaita da Hausa. In sun ɓata rai, su ɓata.

Jiya na ji Mama Saratu tana shirin sayar da injin markaɗenta don ta je a yi mata "allurar Ishaya". Bari in tafi yanzu, kafin a fara sujada. Ina da shaidar da zan gyara, kuma da ƙafata zan hau gaban cocin.