Ranar da Na Kai Kawu Kan Tsohon Garinsu

Aikin ungozoma nake yi a wani ƙaramin asibiti a Wara, kuma aikin ne ya koya mini shakka. Sau da yawa akan kawo mini mace mai ciki tana jijjiga, an riga an ɓata yini ana yi mata turare, wai iska ce ta taɓa ta a bakin ruwa. In na auna jininta sai in tarar ya hau, in yi mata allura ta dawo hayyacinta. Wasu kuwa ba a kawo su da sauran numfashi ba. Tun ina jin haushi har na kai ga duk abin da aka ce mini yana ɓoye, sai na tambayi wanda ya gan shi. Ban bar salla ba, amma jikina ne ke yi, zuciyata tana gefe tana tambayoyinta.

Inna ta musulunta ne da ta auri Baba. Ƙanenta, wanda muke kira Kawu, ya tsaya kan addinin iyayensu na ƙabilar Gungawa. A kan wani tsibiri aka haife su, wanda ruwa ya rufe lokacin da aka gina madatsar Kainji. Mahaifinsu shi ne mai kula da dutsen tsafin garin, Kawu kuma shi ke riƙe masa kaza da tulun giya in za a yi roƙon ruwa ko na kifi. Da aka tashe su zuwa gaɓa, Kawu ya yi sana'ar kamun kifi har ƙarfinsa ya ragu, sannan ya koma noman albasa. Mutum ne mai yawan dariya. Bai taɓa jayayya da kowa a kan addini ba, in lokacin salla ya yi a gonarsa shi ke nuna wa 'yan ƙwadago inda ruwa mai tsabta yake.

Da ciwon hanta ya kama shi, cikinsa ya kumbura, ni na riƙa zuwa duba shi. Na san ba zai tashi ba, shi ma ya sani. Wata rana ya ce mini yana so a kai shi kan ruwa, daidai inda garinsu yake a ƙasa. Yayana, wanda ke limanci a masallacin unguwarmu, ya ce ba da shi ba, don yana ganin dutsen nan Kawu zai je yi wa sallama, kuma ba zai sa hannunsa a shirka ba. Ban ga laifinsa ba. Ni kuwa na amince, don a ganina babu komai a wurin sai ruwa, kuma ruwa ba zai ƙara wa mai ciwon hanta komai ba.

Na ɗauki hayar kwalekwale mai inji da hantsi. Muka shimfiɗa masa tabarma, na tallafe shi da matashi. Shi ya riƙa nuna wa mai jirgin hanya, yana duban wani tsauni a gabas da wata kuka a gaɓar yamma, har ya ɗaga hannu aka kashe inji. Ruwa ne kawai, faɗi guda, da wasu masunta can nesa suna jan taru. Na jira in ga zai zuba wani abu ko zai yi wani kirari. Bai yi ba. Ya sa hannu a ruwan ya daɗe, sannan ya shafa fuskarsa.

Na tambaye shi ko abin da ke cikin dutsen yana nan har yanzu.

"Babu komi cikin dutsen, ɗiyata," in ji shi. "Dutse ne."

Ya ga mamakina, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ba ni labari. Ya ce shekarar da ruwa ya hau, dattawa sun rantse cewa tafkin ba zai iya rufe dutsen ba, in kuwa ya rufe to annoba za ta gama da su. Shi yana saurayi ya yarda da haka har cikin ransa. Ya tsaya a gaɓa yana kallo ruwa ya ci gidaje, ya ci rumbuna, ya ci dutsen. Ya jira annoba, ba ta zo ba. Abin da ya zo kifi ne, har giwan ruwa irin wanda bai taɓa gani ba. Ya ce ya yi shekaru yana jin an yaudare shi, bai yarda da maganar kowa ba, ko ta malamai ko ta masu coci da suka riƙa zuwa wa'azi sabon garinsu na gaɓa.

Daga baya, ya ce, yana cikin jirgi shi kaɗai ya riƙa tunani. Iyayensa ba ƙarya suka yi ba da suka ji tsoro da girmamawa a gaban dutsen. Kuskurensu shi ne zaton abin ya tsaya a dutsen. Wanda suke nema, ko dai babu shi ko'ina, ko kuma shi ne ko'ina: ruwan, kifin, ƙasar da albasa ke fitowa, da shi kansa mai tunanin.

Na ce, "To Kawu, yaya aka yi ka san ba na farkon ba ne?"

"Ban sani ba," ya ce. "Amma duk da na duba, ban ga wurin da zan nuna in ce nan babu shi ba."

Wannan amsar ta zauna mini, don bai nemi in yarda da abin da ba zan iya gani ba. Bai ce akwai wata mace a ƙarƙashin ruwa mai jan mutane ba, bai ce ciwonsa jifa ne ba. Ya san hantarsa ce, ya kuma sha maganin da na ba shi har ƙarshe. Muka juyo rana ta yi zafi, ya yi barci a kan cinyata kafin mu kai gaɓa.

Bai kai girbin albasa ba. Yayana ya ƙi yi masa salla, amma shi ya fara saran kabarin, shi da wani maƙwabcin Kawu Kirista, kuma ya yi kuka fiye da ni.

Tun daga nan na san inda na tsaya. Shakkata ba ta tafi ba, kuma ba na so ta tafi, don ita ke hana ni karɓar kowane labari. Amma ta daina zame mini duhu. In na karɓi haihuwa, jariri ya ja numfashin farko a hannuna, ba na jin wani ne daga nesa ya aiko da shi. Ina jin abin da nake girmamawa yana nan a ɗakin, a jikin uwar, a kukan yaron, har a hannuna da ya gaji.

Na faɗa wa Yaya wannan wata rana da ya kawo wa Inna kifi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Mahalicci daban, halitta daban, kuma abin da nake faɗa yana da haɗari ga imanina. Na ce na ji, kuma na san da ƙauna yake faɗa, amma ba zan gaya masa abin da ba shi ne a zuciyata ba. Ya ce zai riƙa sa ni a addu'a. Na ce ina so. Inna ta leƙo daga madafa ta ce in mun gama, wani ya zo ya kama mata tukunya, Yaya ya riga ni tashi.