Sunan Malamina a Saman Takarda

Shekarun baya, a daminar 1965, wata Lahadi bayan la'asar, muna zaune mu uku a zauren gidanmu a Illela: ni, da mahaifina wanda ke karantar da littattafan addini a zauren nan, da kawuna mai fataucin fata zuwa Ƙonni. Hutun ƙarshen shekara na zo daga jami'a, kuma na faɗi jarrabawar fizik. Mu da muka faɗi an ba mu tambayoyi mu amsa a gida kafin a koma, aka kuma gaya mana a fili cewa wanda bai ci wannan ba za a janye masa tallafin karatu. A gidanmu babu mai iya biya mini ko zango ɗaya.

Na yi makonni ina kallon tambayoyin suna kallona. Akwai na nauyi da gudu da lilo, akwai kuma biyu na wani sabon darasi, rubuta wa na'urar lissafi umarni, na'urar da ke can Kudu wadda ko hotonta ban taɓa gani ba. A gari kuwa ana nuna ni da baki ana cewa ga wanda zai ƙera jirgi.

Kawuna ne ya gaji da ganin fuskata.

"Kai ɗan boko, mi ya same ka? Tun da ka zo kana zaune awa wanda jakinai ya mutu."

Na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce ɗan maigidan da yake sauka wurinsa a Ƙonni ya yi karatu a Dakar, yana koyar da irin wannan abin a makarantar Faransa. Mahaifina ya ce in je, kuma kada in je hannu sake. Washegari na ɗaure goro a bayan keke na tsallaka iyaka.

Malamin bai girme ni da yawa ba. Matsalarmu ta farko ita ce harshe. Shi da Faransanci ya koya, ni da Turanci, ba mai jin na wani. Sai muka koma Hausa, wadda ba a tanadar mata kalmomin ba. Ya kai ni bakin rijiyar gidansu ya ce in ja guga cike, in sake shi, in sake ja. Ya ɗaura dutse a zare ya rataye a reshen darbejiya, muna ƙirga lilonsa, yana rage tsawon zaren. In na yi shirme sai ya ce, "Ɗan Ingila, haka Sarauniya ta koya muku?" Bai taɓa riƙe mini alƙalami ba. Tambayoyin na'ura kuwa ya ce shi ma bai san su ba, sai muka zauna muka tsara su mataki mataki, kamar mai yi wa bawan Allah marar wayo kwatancen hanya. Na yi ta zirga-zirga har gero ya fitar da kai. A karon farko na fahimci abin da nake haddacewa shekara guda.

Da na gama na mayar da amsoshin cikin rubutu mai kyau na nuna wa mahaifina. Ba ya karanta boko, amma ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya.

"Ina sunan malamin naka?"

Na ce, "Baba, can ba a rubutawa."

"Ba a rubutawa? Ka ɗauki karatu ga mutum, ka kai shi wani gari awa kai ka haife shi? Wagga ai sata ta. Ni duk littafin da na karanta ina iya gaya maka wa ya biya mini, shi ma wa ya biya mishi."

Ban ga laifin maganar ba, har yanzu ma ban gani ba. Na rubuta a saman shafin farko, da Turanci, cewa na karanci waɗannan mas'aloli a wurin malam wane na Ƙonni, Allah ya saka masa da alheri.

Da muka koma makaranta, abokina da muke ɗaki ɗaya, wanda shi ma ya faɗi, bai taɓa nasa aikin ba. Ya roƙi nawa ya duba. Ya kwafe shi kaf, sai dai ya mayar da mita da kilo zuwa ƙafa da laba, ya canza tsarin shafukan. Ya ga layin da ke sama ya ce, "Kai, goge wannan." Na ce umarnin mahaifina ne.

Bayan mako guda malaminmu, wani Bature, ya kira ni ofishinsa. Ya sa yatsa a kan layin, ya tambaye ni ko ni na rubuta. Na ce ni ne. Ya ce ƙa'ida ita ce kowa ya yi aikinsa shi kaɗai, ni kuma na amsa laifina da hannuna. Na yi masa bayanin yadda ake karatu a gidanmu. Na ce ga allo nan, ya zaɓi kowace tambaya in warware a gabansa. Ya ce ba wannan ake magana ba. Har ya yaba mini da faɗin gaskiya, ya ce zai ambata wa kwamiti. Kwamitin ya zauna ba tare da ni ba, aka ba ni sifiri.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Baturen ƙa'idarsa ya bi, mahaifina ma tasa ya bi. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne, a cikinmu duka ni kaɗai na roƙi a gwada ni, kuma ba a ga ya kamata a ɓata rabin sa'a a kaina ba. Mutane kan ce mini ai alheri ne, tunda na samu wata hanyar. Ina amsa musu da haka ne. A raina ban taɓa yarda ba. Fizik nake so, kuma a lokacin da aka kore ni ne na fara iya shi.

Abokina ya ci, ya gama, ya zama injiniya. Ni an janye tallafina kafin ƙarshen shekarar, na kama aikin fassarar labarai a gidan rediyo. Mahaifina ya rasu yana gaya wa baƙinsa cewa ni na zaɓi barin jami'a, domin abin da na gaya masa ke nan.